Mizanin tara: dabarar 'yan kasuwa da tambayar da ta gagari masana shekara 42

Duk wanda ya taɓa riƙe littafin ciniki a kasuwar doya ta Salaga, ko a rumfar albasa a Bawku, ya san irin tashin hankalin da kan zo da yamma. An tashi kasuwa, an ƙirga kuɗin da ke jaka, an duba abin da aka rubuta, sai a ga lissafi bai zo ɗaya ba. A ce sidi 270 ne suka yi ɓatan dabo. Yaron shago ya rantse bai taɓa ko fesuwa ba, maigida ya yi shiru yana kallonsa ta wutsiyar ido, kuma daga irin wannan shirun ne amanar shekaru take fara tsagewa.

Kafin a kai ga zargi, akwai ɗan gwajin da bai fi daƙiƙa biyar ba. Ɗauki giɓin ka haɗa ƙwayoyin lambarsa ɗaya bayan ɗaya: 2 da 7 da 0, tara ke nan. Duk giɓin da ƙwayoyinsa suka ba da 9, ko 18, ko 27, to tara tana raba shi ba saura, kuma wannan ce alamar wani kuskure da masu rubutu cikin gaggawa suka saba yi: ƙwayoyi biyu sun yi musayar wuri. An so a rubuta 18,142, hannu ya rubuta 18,412. Ko kuma an manta sifili, 500 ta koma 50, giɓi ya zama 450, shi ma 4 da 5 tara ne. Akantoci sun daɗe da sanin haka. Ba shaida ba ce cewa yaron bai ɗauka ba, don ɓarawo ma yana iya ɗaukar sidi 270 cif. Amma dalili ne na a koma littafi layi-layi kafin a buɗe baki.

Wannan ƙaramar dabara ta haɗa ƙwayoyin lamba tana da dogon tarihi, kuma ita ce ta haifi wata tambaya da manyan masana lissafi suka yi shekara 42 suna fama da ita. Amsar da suka samu a ƙarshe ta yi kama da abin da gogaggen ɗan kasuwa zai gaya maka: jimillar ƙwayoyi ta iya cewa a'a, amma ba ta taɓa cewa e.

Yadda ake awo da tara

Tsofaffin littattafan hisabi na Larabci suna kiran abin "mizani". Mizanin lamba shi ne abin da ya rage idan ka yi ta haɗa ƙwayoyinta har ya koma ƙwaya ɗaya tak. A ce an sayi buhu 47 na albasa a kan sidi 386 kowanne, yaro ya buga ya ce kuɗin 18,142 ne. Mizanin 47: 4 da 7 sha ɗaya, 1 da 1 biyu. Mizanin 386: 3 da 8 da 6 sha bakwai, 1 da 7 takwas. Biyu sau takwas 16, mizaninta 7. Yanzu auna amsar yaron: 1 da 8 da 1 da 4 da 2 sha shida, mizani 7. Sun zo ɗaya. Da ya ce 18,042 ne, mizani zai ba da 6, nan take ka san akwai gyara, ko ba kalkuleta a kusa.

Babu siddabaru a ciki. Goma tara ce da ɗaya, ɗari 99 ce da ɗaya, dubu 999 ce da ɗaya. Saboda haka 386 tana nufin 99 sau uku, da 9 sau takwas, sannan ragowar 3 da 8 da 6. Ka kwashe duk tara-tarar ka zubar, abin da ya saura a hannunka shi ne jimillar ƙwayoyin. Hausa ma ta yi mana raha a nan, tun da "tara" ta ƙidaya da "tara" ta haɗawa rubutunsu ɗaya.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Da yaron ya ce 18,412, mizani zai sake ba da 7, domin ƙwayoyin su ne dai, wuri kawai suka canja. Gwajin zai wuce lafiya, sidi 270 kuma sun tafi. Abin da ya sa tara take tona musayar wuri idan ka duba giɓi, shi ne kuma ya sa take makancewa idan ka duba amsa kaɗai.

Magabata sun san wannan raunin. Ibn al-Banna na Marakesh, wanda ya rasu a 1321, ya koyar da gwaji da tara da takwas da bakwai a littafinsa Talkhis a'mal al-hisab. Fibonacci, Baturen Italiya da ya koyi lissafin Larabawa a Bijaya ta Aljeriya, ya sa gwajin tara da na bakwai da na sha ɗaya a littafinsa na 1202. Mu riƙe 7 da 11 ɗin nan, za mu dawo kansu.

Ita tara kuwa tun da can tana da fuska ta biyu. Ibn Khaldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya ba da labarin wani lissafi da ake kira hisabin nim: in sarakuna biyu za su gwabza, sai a haɗa ƙimar haruffan sunan kowannensu bisa abajada, a zubar da tara-tara, a kwatanta abin da ya rage, wai a san wanda zai ci yaƙi. Ya bayyana yadda ake yi dalla-dalla, sannan ya nuna cewa babu wata hujja da ke ƙarƙashinsa. Jikokin wannan lissafi suna nan a gefen tashoshin motarmu, wurin masu allon loto da ke haɗa ƙwayoyin lambobin makon jiya don su fitar da na gobe. Lissafin gaskiyar ba ya da tsawo. A loto mai fitar da lamba 5 cikin 90, hanyoyin zaɓar lamba biyu 4,005 ne, goma kacal ke ci a kowace fitarwa. Wanda ya zuba sidi ɗaya a kan kowace ɗaya daga cikinsu ya kashe 4,005, a biyan da aka saba na ninki 240 kuma ya karɓo 2,400. Babu haɗin ƙwayoyin da zai gyara wannan, domin ƙwallayen da ke cikin injin ba su san abin da ya fito makon jiya ba.

Goron da ba ya kasuwa

Mu koma Salaga ta ƙarni na 19, lokacin da fataken Kano, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suke yin watanni a hanya su zo Gwanja sayen goro, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, 'yan kasuwa su bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran zangogi. Kasuwar ta goro ce da dabbobi da tufafi, kuma ta bayi ce, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Kuɗinta wuri ne. Goro ana ƙirga shi ƙwarya-ƙwarya, ɗari-ɗari ke nan, wuri kuwa zambar-zambar, har zuwa keso mai wuri 20,000. Bajamushen nan Heinrich Barth ya ga yadda ake ƙirgar wuri a Tasawa a 1851: biyar-biyar ake ja da yatsu, a yi tsibi na 200 ko na 1,000, kuma sai da mutum biyar ko shida suka taru kafin a gama ƙirga 500,000.

Mai irin wannan ƙirga ba ya bukatar a gaya masa cewa lambobi ba halinsu ɗaya ba. Ƙwaryar goro cikakkiya tana kasuwa cikin daɗi: kashi biyu, huɗu, biyar, goma, ashirin. Amma a ce uku sun ruɓe an zubar, saura 97. Gwada raba su daidai tsakanin mutum biyu, ko uku, ko bakwai, ko goma sha uku, dole sai an sami saura. Hanya biyu ce kawai: mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 97 su ɗauki ɗai-ɗai. Irin wannan lamba ita yaranmu ke kira "faraim namba" a aji. A nan mu kira ta gagara-raba. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19, 23, kuma akwai guda 25 a ƙasa da ɗari. Kowace lamba da ba gagara-raba ba an gina ta ne da ninka su, kamar yadda 91 take 7 sau 13. Tun zamanin Iƙlidis na Iskandariya, wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, aka tabbatar ba sa ƙarewa.

A lura da wani abu, don shi ne zuciyar maganar. Gagarar rabo hali ne na tsibin goron kansa. Ko ka rubuta 97 da boko, ko da abajada, ko ba ka iya rubutu ba sam, goron nan ba zai kasu ba. Jimillar ƙwayoyi kuwa hali ce ta rubutun. Don muna ƙirga goma-goma ne 13 take ba da 4. Kwamfuta da ke ƙirga biyu-biyu tana rubuta ta 1101, jimillarta 3. Ɗaya na kaya ne, ɗaya na alƙalami. Tambayar ita ce ko akwai abin da ɗayan ya sani game da ɗayan.

Akwai abu ɗaya, kuma ta ƙofar tara ya shigo. Tun da uku tana raba tara, duk lambar da jimillar ƙwayoyinta ta rabu da uku, ita ma uku tana raba ta. Ke nan, ban da 3 ita kanta, babu gagara-raba da mizaninta zai zama 3 ko 6 ko 9. Wani ya kawo maka 1449 ya ce gagara-raba ce, ba ka bukatar takarda: 1 da 4 da 4 da 9 sha takwas, ka ce masa a'a. Haɗa wannan da duba ƙwayar ƙarshe, wadda dole ta zama 1 ko 3 ko 7 ko 9 in an wuce 5, sai ka ga ka tankaɗe lamba 22 cikin kowace 30 ba tare da ka yi rabawa ko ɗaya ba.

Rariya ce mai kyau, amma tsakuwa na wucewa. A ƙasa da ɗari, in an ajiye 1 gefe, uku ne kawai ke yin sojan gona: 49 da 77 da 91. Da tafiya ta yi nisa sai su fi 'yan gida yawa. Daga ɗaya zuwa miliyan, lambobi kimanin 266,000 ne ke tsallake gwaje-gwajen biyu, alhali gagara-raba na gaskiya 78,498 ne. Ɗauki 1957, shekarar da Gana ta sami 'yancin kai. Ta ƙare da 7, jimillarta 22, ta wuce rariya da kwarjininta, amma 19 sau 103 ce. Shekarar Hijira 1447 kuwa, mai jimilla 16, gagara-raba ce ta gaske, haka 2027 da 2029. A ido ba ka iya bambanta su da 1957.

Ga wani abin sha'awa ga masu son hatimi. Malamin nan na Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, ya yi rubutu a 1732 kan hanyoyin cika hatimi mai gidaje uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda kowane layi zai ba da jimilla ɗaya. Masu lissafi na baya-bayan nan sun gina irinsa da gagara-raba zalla:

17, 89, 71
113, 59, 5
47, 29, 101

Ta kwance, ta tsaye, ta karkace, ko'ina 177. Yanzu ɗauki mizanin kowace. Layin farko 8, 8, 8. Na biyu 5, 5, 5. Na uku 2, 2, 2. Ba a ga 1 ko 4 ko 7 ba, kuma ba haɗari ba ne. Duk layin da ya ratsa ta tsakiya lambobi uku ne masu tazara ɗaya, kamar 47, 59, 71. In tazarar ba ta rabu da uku ba, dole ɗaya cikinsu ta faɗa hannun uku ta daina zama gagara-raba. Shi ya sa duk taran suka zama 'yan ɗaki ɗaya, kowace in an raba ta da uku saura 2.

Cika ko mara?

Da aka cire 3 da 6 da 9, gida shida suka rage wa mizanin gagara-raba: 1, 2, 4, 5, 7, 8. A ƙasa da ɗari, in an ajiye 3, rabonsu ya kasance 3, 5, 3, 4, 5, 4. Bajamushe Dirichlet ya tabbatar a 1837 cewa babu gidan da mazaunansa ke ƙarewa, a ƙarshen ƙarnin kuma aka nuna cewa in tafiya ta yi nisa kowane gida kashi ɗaya cikin shida yake samu. Wannan ya yiwu ne saboda mizani ba komai ba ne illa saurar da ake samu in an raba lamba da tara, kuma masana suna da makaman aiki a kan saura.

Sai ga wata tambaya da ta fi wannan sauƙin faɗa. Jimillar ƙwayoyin gagara-raba, cika ce ko mara, wato shafa'i ko wutiri? Ta 23 biyar ce, mara. Ta 37 goma ce, cika. Cikin 25 na farko, 13 cika ne, 12 mara. Kusan raba-daidai. Shin haka abin zai ci gaba har abada, ko can cikin lambobi masu ƙwaya dubu wani ɓangare zai rinjayi ɗaya?

Aleksandr Gelfond, masanin lissafi na Masko wanda ya yi suna tun 1934 da warware ɗaya daga cikin shahararrun matsalolin Hilbert, shi ya ajiye tambayar a wata maƙala a 1968, shekarar da ya rasu. Bai tsaya kan cika da mara kaɗai ba, ya tambaya game da raba jimillar da kowace lamba, a kowane tsarin ƙirga.

Me ya sa ta yi wuya haka? Domin a nan babu gada irin ta tara. Cika ko marar jimilla ba ta bin ƙwayar ƙarshe, ba ta bin saurar kowace rabawa. Sai ka ga dukkan ƙwayoyin. Lamba mai ƙwaya miliyan, ka ƙara ɗaya a kan ƙwaya guda a can tsakiyarta, amsar ta juya. Ga kuma fitinar "riƙe ɗaya" da kowane ɗan firamare ya sani: daga 18 zuwa 19 jimilla ta tashi daga 9 zuwa 10, daga 19 zuwa 20 ta faɗo zuwa 2. Gagara-raba da ninkawa ake gane su, ninkawa kuma cike take da irin wannan riƙe-riƙen da ke hargitsa ƙwayoyi. Kwamfuta na iya ƙirga biliyoyi ta ce ga alama daidai ne, amma a wurin masu lissafi "ga alama" ba hujja ba ce, don bayan biliyan ɗin akwai abin da ba ya ƙarewa.

A 1996 Étienne Fouvry da Christian Mauduit suka matso kusa, suka sami sakamako a kan lambobin da ko dai gagara-raba ne ko kuma ninkin biyu daga cikinsu. Sai a 2010 Mauduit da abokin aikinsa Joël Rivat, dukansu daga cibiyar lissafi ta Luminy a Marseille ta Faransa, suka fitar da cikakkiyar hujja a mujallar Annals of Mathematics, cikin shafi fiye da hamsin. Wani ginshiƙin dabararsu abu ne da ɗan kasuwa zai gane. In ka ƙara ƙaramar lamba a kan babba, ɗayan da ake riƙewa ba kasafai yake yin nisa ba. Ƙara 46 a kan 4,518,327, ƙwayoyi biyu na ƙarshe ne kaɗai suka motsa. Sai an ci karo da jerin tara-tara, kamar 4,999,987, sannan girgizar take kaiwa har gaba, kuma irin waɗannan ba su da yawa. Da suka iya ƙididdige ƙarancinsu, sai suka sami damar yin watsi da manyan ƙwayoyin gaba su fuskanci na baya, sannan suka haɗa da hanyoyin da Barashe Vinogradov ya ƙirƙiro tun shekarun 1930.

Sakamakon: rabi cika, rabi mara. In an raba jimillar da biyar, gidaje biyar ɗin kowanne kashinsa daidai. Da bakwai ma haka. Tarnaƙi ɗaya ne tak a ƙirgar goma-goma, wancan na uku da tara da aka sani tun fil azal. Ban da shi, jimillar ƙwayoyi ta wannan fuska ba ta da wani labari game da gagara-raba. Wani zai ce shekara 42 aka yi don a gano babu komai? Haka ne, kuma a ganina nan darajar aikin take. Faɗin cewa wata alama tana aiki abu ne mai arha, kowane mai allon loto yana yi kullum. Tabbatar da cewa babu alamar, har iyakar da ƙirga ba ta kaiwa, shi ne mai tsada.

Ƙofar da suka buɗe wasu sun bi ta. Glyn Harman ya nuna a 2012 cewa gagara-raba da jimillarsu ma gagara-raba ce, irin 29 da 47 da 89, ba sa ƙarewa. James Maynard na Jami'ar Oksfod ya tabbatar, a aikin da aka buga a 2019, cewa akwai gagara-raba marasa iyaka da babu ƙwayar 7 ko ɗaya a jikinsu, kuma haka yake ga duk ƙwayar da ka zaɓa. A 2022 aka ba shi lambar yabo ta Fields, wadda ta fi kowace daraja a fagen.

Inda gagara-raba ke rufa wa tara asiri

Mu dawo kan 7 da 11. In ƙwayoyi biyu maƙwabta suka yi musayar wuri, giɓin kullum tara ce sau bambancin ƙwayoyin, sai sifilai a baya. Tsakanin 72 da 27 akwai 45, wato 9 sau 5, kuma 5 ce tsakanin 7 da 2. (Wannan ma makami ne: raba giɓin da tara, ka san irin ƙwayoyin da za ka nema a littafi. Na 270 ya ba da 30, ke nan nemi ƙwayoyi masu bambancin 3 a gidan gomomi da ɗaruruwa.) Sha ɗaya ba za ta taɓa raba irin wannan giɓi ba. Gagara-raba ce, ba ta cikin tara, ba ta cikin goma, kuma bambancin ƙwayoyi biyu ba ya kai 11. Saboda haka awo da 11 ba ya makancewa a inda tara ta makance.

Yin sa ba wuya. Fara daga dama, ka haɗa ƙwaya ta ɗaya da ta uku da ta biyar, ka haɗa ta biyu da ta huɗu daban, ka ɗebe na biyun daga na farkon. In bai isa ba ka ara 11. Na 47: 7 a ɗebe 4, saura 3. Na 386: 6 da 3 tara, a ɗebe 8, saura 1. Uku sau ɗaya 3. Na 18,142: 2 da 1 da 1 huɗu, a ara 11 ya zama 15, a ɗebe 12, saura 3. Daidai. Na 18,412 kuwa: 2 da 4 da 1 bakwai, da 11 sha takwas, a ɗebe 9, saura 9. An kama shi.

A kan wannan tunani aka gina abubuwa da dama da ke aljihunmu. Tsohuwar lambar littattafai ta ISBN mai ƙwaya goma da 11 ake auna ta, shi ya sa wani lokaci za ka ga X a ƙarshe, tana tsaye a madadin 10. Lambar asusun banki ta IBAN, wadda 'yan uwa mazauna Jamus da Italiya suka sani, da 97 ake auna ta, gagara-raba mafi girma cikin masu ƙwaya biyu. Katin banki kuwa ƙwayarsa ta ƙarshe mai gadi ce, bisa dabarar Hans Peter Luhn na kamfanin IBM tun shekarun 1950: a ninka kowace ƙwaya ta biyu, a haɗa ƙwayoyin abin da ya fito ɗaya bayan ɗaya tare da sauran, dole jimilla ta ƙare da sifili. Tana kama kuskuren ƙwaya ɗaya kowane iri, da duk musayar maƙwabta in ban da 09 da 90.

Lambar waya fa? Ba ta da mai gadi. Ƙwayoyi goma ne kawai a jere, kuma in biyu suka yi musaya, abin da ya fito sau da yawa lambar wani bawan Allah ce mai rai a Yendi ko Kumasi. Tun da aka fara momo a ƙasar nan a 2009, lambar waya ta zama lambar asusu ba tare da an gina mata irin kariyar da katin banki ke da ita ba. Sunan nan da ke fitowa a fuskar waya kafin ka danna lambar sirri shi ne mizanin da ya rage, kuma aikinsa irin na tara ne. In ka ga baƙon suna, tabbas ka kauce. In ka ga sunan da kake tsammani, ka dai sake duban lambar, don a zango ɗaya ana iya samun masu suna ɗaya sun fi goma.

Abin da har yanzu ba a sani ba

Gagara-raba da aka gano a Oktoban 2024, ta hannun Luke Durant a Amurka, tana da ƙwayoyi 41,024,320. Ana samun ta ne in an jera 2 har guda 136,279,841 an ninka su, sannan a ɗebe 1. A rubutun kwamfuta na biyu-biyu ba ta da sifili ko ɗaya, 1 ce zalla a jere sau 136,279,841, ke nan jimillarta a can ita ce wannan lambar, wadda ita ma gagara-raba ce.

Amma ba sai an je can ba kafin ilimi ya ƙare. Mauduit da Rivat sun yi magana ne kan yadda jimilla ke rarrabuwa gida-gida. Tambayar ko gagara-raba nawa ne ke da wata jimilla takamaimai tana nan a buɗe. Masu jimilla 4 suna da dama: 13, 31, 103, 211, 1021, 1201, 2011, 3001, kuma har yau ba wanda ya tabbatar ko suna ƙarewa ko ba sa ƙarewa. Masu jimilla 2 sun fi ban mamaki. Bayan 2 ita kanta, dole lambar ta fara da 1, ta ƙare da 1, sifilai a tsakani. Akwai 11, akwai 101. Ta gaba, 1001, ita ce 7 sau 11 sau 13. Sai 10,001, wadda take 73 sau 137. An nuna cewa in ana neman wata, adadin sifilan tsakiya dole ya zama 7, ko 15, ko 31, ko 63, haka-haka, kowanne ninkin na baya da ɗaya. Mai sifili 7, wato 100,000,001, 17 tana raba ta. Mai sifili 15, 353 tana raba ta. Kwamfutoci sun bi jerin zuwa nesa ba su sami ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya iya kawo hujjar cewa 101 ce ta ƙarshe.